Amsa: Toyota C-HR mai haɗin fetur da lantarki a gwajin MOT

Ɗan'uwa, ka tambaya ko C-HR ta hannu da kake son saya a Ingila za ta riƙa tsallake MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara da doka ta wajabta, ba wahala. Ta ɓangaren inji kwantar da hankalinka; inji mai lita 1.8 ɗin irin na motar Toyota Prius ne, ya sha gwaji a hannun 'yan tasi. Motoci masu wannan haɗin ma ba a yi musu awon hayaƙi a MOT.

Abin da zan ce ka duba da kyau shi ne birki. Da yake injin lantarki ne ke rage mata gudu yana cajin batir, faifan birki ba ya aiki sosai, musamman na baya, sai tsatsa ta kama shi saboda danshi da gishirin da ake zubawa a titi lokacin sanyi. Sai taya, kada zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6, da fitilu.

Amma fa MOT ba ta auna lafiyar babban batir. Wannan sai ka kai ta wurin dillalin Toyota. Kafin ka ba da ko sisi, sa lambar motar a shafin intanet na gwamnatin Birtaniya, tarihin gwajinta zai fito kyauta.