Kun Tambaya: Saitin Sulallan Amurka Ya Yi Tsada, A Ci Gaba Da Saye Ko A Dakata?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan saitin sulalla da gidan buga kuɗi na Amurka ke fitarwa duk shekara domin masu tarawa. Kuɗin ƙasar ne, daga santi ɗaya (santi ɗari ne dala ɗaya) zuwa dala ɗaya, amma an yi musu bugun madubi, wato bugu na musamman mai sheƙi kamar madubi, an rufe su a cikin roba mai gani, an sa a kwali. Iri biyu ne aka fi tambaya a kai: na gama-gari, da wanda wasu sulallansa azurfa ne.

Assalamu alaikum. Saitin azurfa da na saya dala 54.95 a 2019 ya koma dala 105 a 2021, dala 150 a 2025, a 2026 kuma ya haura 200. Tsadar azurfa ce ko dai cin riba ne kawai?
Mai karatu daga Ohayo, Amurka

Wa alaikumus salam, Malam. Azurfa na da hannu, amma ba ita kaɗai ba ce, kuma za ka iya yin lissafin da kanka. A saiti mai sulalla goma, bakwai ne na azurfa: santi goma guda ɗaya, santi 25 guda biyar, da rabin dala guda ɗaya. Daga 1992 zuwa 2018 azurfarsu kashi 90 cikin 100 ce, tun 2019 kuma tsantsa ake bugawa. Idan aka haɗa bakwai ɗin ana samun kusan oza ɗaya da rabi, a ma'aunin azurfa da zinariya inda oza ɗaya take giram 31.1. Don haka ka duba farashin oza na ranar, ka ninka shi da 1.47. Abin da ya fito shi ne kuɗin ƙarfen. Duk abin da ka biya a sama da haka ladan bugu ne da kwali da ribar gidan.

Ƙarin watan Oktoba 2020 shi ne misalin da masu tarawa suka fi kawowa. Saitin ya tashi daga dala 63.25 zuwa 105 a rana ɗaya. A tsakanin Afrilu da Oktoba na shekarar, oza ta tashi daga wajen dala 15 zuwa wajen 24, wato ƙarin da bai wuce dala 14 ba a kan azurfar da ke cikin saiti. Amma an ɗora fiye da dala 41. A lokacin mai saye yana biyan kusan ninki uku na kuɗin ƙarfen. Ƙarin baya-bayan nan ya fi samun uzuri, domin oza ta haura dala 50 a Oktoba 2025, matakin da ta taɓa kusanta a 1980 da 2011 kawai, kuma ta ci gaba da hawa bayan nan. Abin da ke ci wa mutane tuwo a ƙwarya shi ne gidan yana saurin ɗaga farashi idan azurfa ta tashi, idan ta sauka kuwa sai ka ji shiru.

To na gama-garin fa? Babu ko ƙwayar azurfa a ciki, amma shi ma ya tashi. Ni dai na soke odar da nake yi duk shekara.
Mai karatu daga Niyok

Hajiya, ba ke kaɗai kika soke ba, kuma ƙorafinki ya fi na farko ƙarfi. Sulalla goma na wannan saitin, idan za a kashe su a shago, dala 2.91 ne. Ƙarfensu galibi jan ƙarfe ne da nikel da tutiya, santi ɗaya ma kashi 97.5 cikin 100 tutiya ne tun 1982. Duk da haka saitin da yake dala 27.95 a 2019 ya kai 40.25 a 2025, a farkon 2026 kuma ya tsallake dala 100.

Hujjar gidan ita ce aiki. Bugun madubi ba kamar kuɗin kasuwa ba ne da inji ke zubarwa ɗaruruwa a minti ɗaya. Ana goge faifan ƙarfen kafin a buga, ana goge hatimin shi ma, ana buga kowane sule aƙalla sau biyu domin zanen ya fito fari a kan fili mai sheƙi, sannan a duba, a rufe. Tun 1968 reshen San Faransisko ne ke wannan aikin, shi ya sa kike ganin harafin S a jikinsu. Sannan gidan ba ya dogara da kasafin majalisa, da cinikinsa yake riƙe kansa.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Masu saye ne suka ragu. A 1981 an sayar da saiti sama da miliyan 4, a 'yan shekarun nan kuwa bai kai rabin miliyan ba. Albashi da injina da kwali suna nan, sai a raba kuɗinsu a kan mutane kaɗan. Farashi ya tashi, wasu su sake janyewa, badi a sake rabawa a kan waɗanda suka rage. A ganinmu wannan hanya tana korar ainihin mutanen da sana'ar ke buƙata: kakan da ke saya wa jika saitin shekarar haihuwarsa, da yaron da yake fara tarawa da kuɗin aljihu.

Masu tarawa sun kasu. Akwai waɗanda suka daina gaba ɗaya suka koma tsofaffin sulalla. Akwai waɗanda a da suke sayen biyar, ɗaya na ajiya huɗu na kyauta, yanzu sun koma ɗaya tal don kada jerin shekarunsu ya yanke. Wasu kuma suna jira shekara biyu ko uku su saya a hannun dillalai. Wanda bai soke odarsa ba ya sani cewa farashin ranar fitowa za a cire a katinsa, ba na ranar da ya yi rajista ba.

Baffana ya zauna a Amurka, ya bar mana saiti da yawa na shekarun 1970 da 1980. Tunda sabo ya yi tsada, namu ma sun tashi ke nan?
Mai karatu daga Kano

Allah ya jiƙan baffa. Gaskiya mai ɗaci ita ce a'a. Farashin sabo gwamnati ce ke yanke shi, na tsoho kuwa kasuwa ce, kuma na waɗannan shekarun sun yi yawa. Wajen miliyan biyu da rabi zuwa huɗu ake bugawa a shekara, mutane kuma ba su zubar ba. Saitin tsakiyar shekarun 1980 da aka saya dala 11, yau da yawansu ba sa kai dala 10 a shagon dillali, kuma shi dillalin ƙasa da haka zai taya.

Kafin ka karaya, ɗauki gilashin ƙara girma ka nemi harafin S a fuskar kowane sule. An yi shekarun da aka buga wasu da hatimin da aka manta ba a sa masa harafin ba: santi goma na 1968, 1970, 1975 da 1983, santi biyar na 1971, da santi ɗaya na 1990. Waɗannan suna da kuɗi sosai. Na 1975 guda biyu kawai aka sani, an sayar da ɗaya fiye da dala 500,000 a 2024. Sai dai a kula, domin nan ne mutane ke ruɗuwa: santi goma na 1975 da aka kashe a kasuwa, wanda ba shi da harafi, bugun Filadelfiya ne na yau da kullum, darajarsa santi goma ce. Wanda ake nema dole ya zama bugun madubi, irin wanda ke zuwa a cikin robar saiti.

Idan mutane sun ƙaurace, ba shi ke nan saitin bana zai yi ƙaranci ya yi daraja ba?
Mai karatu daga Merilan

Ya taɓa faruwa. Saitin azurfa na 2012 an sayar da ƙasa da 400,000, ya ƙare ba zato, ya kuma ninka kuɗinsa. Amma ka tuna da na 1999, shekarar da aka fara jerin santi 25 na jihohi hamsin: an fitar da shi dala 31.95, ya haura dala 300, daga baya ya zube zuwa kashi ɗaya cikin uku ko ƙasa. Wanda ya saya a saman ya ji jiki. Kuma ƙarancin da ya samo asali daga guduwar masu saye ba lallai ya haifar da riba ba, tunda su ɗin ne za su saya daga hannunka gobe.

Ina so in koma sayen na hannu. Yaya zan kauce wa cuta, kuma yaya zan adana su a gida Najeriya?
Mai karatu daga Kaduna

Malam, babbar cutar ita ce musanya. Robar saitin tana buɗuwa, sai mugu ya cire na azurfa ya sa na gama-gari, tunda dukansu suna da S kuma fuskarsu kusan ɗaya ce. Ka dubi gefen sulen: na gama-gari yana da jan layi na jan ƙarfe a tsakiya, na azurfa fari ne fat. Idan sulen yana waje, sikeli mai auna giram zai raba gardama. Santi 25 na gama-gari giram 5.67 ne, na azurfa kashi 90 giram 6.25, na tsantsa giram 6.34. Ka duba bakin robar ko akwai tsagewa ko alamar gam, ka kuma nemi kwali da takardar shaida, domin rashinsu yana rage kuɗi. Saitin kashi 90 mai santi 25 guda biyar azurfarsa oza 1.34 ce. Da wannan adadin za ka yi ciniki, kuma shekarun da aka buga da yawa sukan samu a kusa da kuɗin ƙarfensu. Idan ɗan'uwa ne zai sayo maka, ka haɗa kuɗin aikowa da canjin dala kafin ka ce araha ce.

Adana kuwa, damina ce abokiyar gaba. Robar ba ta hana iska shiga ɗari bisa ɗari, danshi yana jawo hazo fari a kan filin madubin, jan santi ɗaya kuma ya fara baƙaƙen ɗigo. Ka sa kwalayen a akwatin roba mai murfi da ke kamawa, tare da 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse danshi irin waɗanda ake samu a kwalin takalmi, ka riƙa canza su. Kada ka ajiye a ɗakin da ake turaren wuta ko kusa da hayaƙin janareto, domin azurfa na saurin yin baƙi. Ka guji leda mai laushi ta PVC, tana barin kore mai danƙo da ke cin ƙarfe.

Kuma duk yadda hazo ya dame ka, kada ka goge, ko da auduga ce. Bugun madubi yana nuna kowane ƙarce, kuma kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC, masu ba da maki daga 1 zuwa 70, ba sa ba sulen da aka goge maki. Aika musu sulallan saitin zamani ma yawanci asara ce: mafi yawansu 69 suke samu, kuɗin tantancewa da na aikawa kuma ya fi abin da sulen mai 69 zai kawo.