Tambayoyinku Kan Gini: Zan iya ɗora bene a kan gidana?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da gida mai ɗaki uku da falo a Tumfure. Iyali sun ƙaru, ina so in ɗora bene. Maginina ya ce bulon mai inci tara ne, zai ɗauka, kuma tunda ina da takardar fili babu ruwana da hukuma. Haka ne? Daga wani malamin makaranta, Gombe.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya zuri'a. Kada ka sayi ko buhun siminti ɗaya tukuna.

Takardar mallakar da gwamna ke sa wa hannu bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 shaida ce cewa filin yana hannunka. Izinin gini kuwa daban ne, kuma a Gombe hukumar tsara birane ta GOSUPDA ce ke bayar da shi. Ko da an taɓa amince maka da zanen gidan ƙasa, bai shafi bene ba, sai ka kai sabon zane. In ka ƙi, wata safiya ka tashi ka ga jan fenti a katangarka, aiki ya tsaya.

Amma ni ba jan fentin ne ya fi damuna ba. Ba bulo ke ɗaukar bene ba, Malam. Dakin, wato rufin kankaren da bene ke zama a kai, yana sauke nauyinsa a kan bim (kankaren da ake kwantarwa a kan ginshiƙai), bim ya miƙa wa ginshiƙai, su kuma su kai shi fandisho. Yawancin gidajen ƙasa da nake dubawa an haƙa musu fandisho ne daidai nauyin kwano da silin, ginshiƙi kuwa sai na baranda, shi ma don ado. Ga kuma ƙasar Gombe: wani wurin rairayi ne da ruwa ke kwashewa, wani wurin laka ce mai kumbura da damina, ta tsage da rani.

Nemi injiniyan gine-gine mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ka ce ya nuna maka hatiminsa. Zai sa a tone gefen fandisho a kusurwa biyu ko uku ya ga zurfinsa da faɗinsa, ya fasa filasta ya duba ko akwai rodi. Idan bai gamsu ba, ko dai a kafa sabbin ginshiƙai daga ƙasa, ko ka haƙura ka ƙara ɗaki a tsakar gida. Magini ya san jera bulo, ban raina shi ba, amma lissafin nauyi ba aikinsa ba ne.

In an kai ga zuba dakin, kada a cire katakon tokara kafin mako uku, kuma a riƙa ba kankaren ruwa safe da yamma. Sannan ka ce wa mai zane kada tagogin sama su leƙa tsakar gidan maƙwabta, a ɗaga su ko a juya su wajen titi.