Uwar kwamfuta na sanƙarewa in an sake kunna baƙuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce ka miƙa katin sadarwa ga baƙuwar kwamfuta (kwamfutar manhaja da ke gudana a cikin ta gaske, wato uwar) ta hanyar VFIO, tsarin Linux na miƙa wa baƙuwa na'ura kai tsaye, kuma duk sanda ka sake kunna ta sai uwar ta sanƙare. Mun sha wannan wahalar bara a ofishinmu nan Jidda, har dare muna tsaye gaban injin.

Mai yiwuwa katin ne ke aiko da siginar katsewa (saƙon da na'ura ke aika wa kwamfuta don neman kulawa) ana tsakiyar mayar da shi sabo. Don haka a fara toshe masa baki: a kashe MSI-X ko INTx (hanyoyin da yake aiko da siginar), a hana shi rubutu cikin ƙwaƙwalwa, a jira abin da ya riga ya aika ya ƙarasa, sannan a yi FLR, wato umarnin mayar da katin sabo. Ƙa'idar PCIe, mahaɗin da katin ke kai, ta ba shi milisakan 100 ya gama FLR, kar ka taɓa shi kafin nan. Daga baya a dawo da saitinsa, sigina ce za a kunna a ƙarshe.

INTx ce ta fi ba ni tsoro, domin layinta na tarayya ne, in ta maƙale sai ta shafi sauran na'urorin da ke kan layin. Turo mana abin da umarnin lspci -vv ya nuna, mu ga ko katin na da FLR ma.