Gidan dutse mai rajista a Ingila: me ya sa aka hana siminti?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a wani ƙaramin tsohon gidan dutse a yankin Cotswolds na Ingila, yana cikin jerin gine-ginen tarihi a daraja ta biyu. Bangon falo kullum a jiƙe yake. Magini ya ce a cike tsakanin duwatsun da siminti, jami'ar ƙaramar hukuma ta ce a'a. Wa zan bi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, bi maganar jami'ar, don doka da ilimin gini duk suna bayanta.

Dokar gine-ginen tarihi ta Ingila ta 1990 ta kare ginin ciki da waje. Duk aikin da zai sauya kamanninsa na asali sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma yinsa ba izini laifi ne da kan kai ga tara ko ɗaurin da ya kai shekara 2. Kada kalmar "daraja ta biyu" ta sa ka sakankance: fiye da kashi 90 cikin 100 na gine-gine masu rajista a Ingila a nan suke, doka kuwa ɗaya ce da ta gidajen Arlington Row na ƙauyen Bibury, waɗanda aka gina wajen 1380 don ajiye ulu, suke kuma daraja ta ɗaya.

Bangon irin wannan gida yakan kai kaurin santimita 50 zuwa 60. Fuska biyu ce ta dutsen farar ƙasa, an cike tsakiyarsu da tsakuwa da kwaɓi. Ba a sa masa abin tare laima ba. Ruwan sama na shiga, sannan ya fita ta kwaɓin farar ƙasa da ke tsakanin duwatsun, domin ya fi dutsen taushi. Siminti ya fi dutsen tauri, yana kuma tsattsagewa: ruwa ya shiga ta tsagar, ya rasa mafita, sai ya taru cikin dutsen. Da hunturu ya daskare, ya kumbura, fuskar dutsen ta riƙa ɓantarewa. Wanda ya ga yaɓen siminti na ɓallewa daga katangar laka a Kano ko Zariya ya san wannan ciwon.

Kafin a taɓa bangon, a duba daga ina ruwan yake. Sau da yawa ƙasar waje ce ta taru ta fi daɓen ɗaki tudu. A sauke ta kamar santimita 15 ƙasa da daɓen. A duba magudanar ruwan rufi, da ko akwai fentin roba a cikin ɗaki da ke hana laimar fita.

In ya zama dole a sake cika tsakanin duwatsun, a ƙwaƙule tsohon kwaɓi da hannu, zurfin ya kai ninki biyu na faɗin tsagar. Ban yarda da injin yanka a nan ba, yana cin gefen dutse. A haɗa awo 1 na farar ƙasa da awo 3 na yashi mai kaushi, a jiƙa tsagar, a danna kwaɓin sosai, ya ɗan nutse ƙasa da fuskar dutsen. Idan ya fara ƙarfi a daddoke shi da buroshi, a rufe da buhun algarara mai danshi na kwanaki. Kada a yi aikin in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, kwaɓin zai ruɓushe.

Rufin ma kada a bari a canza shi. Fale-falen dutse ne, manya a ƙasa, suna ƙanƙancewa har zuwa ƙololuwa, an rataye kowanne da ƙusar katako. Gangarensa yakan wuce digiri 45 don ruwa ya sauka da sauri. Idan ɗaya ya zame, galibi ƙusar ce ta ruɓe, dutsen lafiya lau yake, sai a mayar da shi.

Bango mai wannan kauri yakan ɗauki watanni kafin ya bushe, saboda haka a jinkirta fenti, a shafa farar ƙasa idan lokaci ya yi.