Amsa kan diyyar harin 11 ga Satumba da masu zaman jinsi ɗaya

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Ka tambaya ko gaskiya ne gwamnatin Amurka ta biya masu zaman jinsi ɗaya diyya bayan harin 11 ga Satumba na 2001, kuma in haka ne, me ya sa aka jera su da matan aure. A lokacin ina unguwar Bronx a birnin New York ina tuƙin tasi, kuma na yi makonni ina zuwa cibiyar taimakon iyalai da aka buɗe a Pier 94, wani wurin tsayawar jiragen ruwa a New York, ina yi wa mutanenmu na Afirka ta Yamma tafinta da cike takardu. Don haka ba labarin ji-ta-ji-ta zan ba ka ba.

An biya wasu, amma ba a jera su da matan aure ba. Asusun diyyar ya fito ne daga dokar da Shugaba Bush ya sa wa hannu ranar 22 ga Satumba, kwana 11 bayan harin, aka ɗora lauya Kenneth Feinberg a kansa. Duk wanda ya karɓi kuɗin ya yafe kai kamfanonin jirgin sama ƙara. Ana lissafa abin da mamacin zai samu da ya rayu, a ƙara dala 250,000 na raɗaɗi, da dala 100,000 ga mata ko miji da kowane wanda yake ci a ƙarƙashinsa. A ƙarshe an raba fiye da dala biliyan 7.

Inda gizo ke saƙar shi ne wa zai miƙa hannu ya karɓa. In mamaci bai bar wasiyya ba, dokar gado ta jiharsa ake bi. A 2001 kuwa babu jiha ko ɗaya da ta amince da auren jinsi, kuma dokar tarayya ta 1996 ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai. Saboda haka wanda ya shekara goma sha a ɗaki ɗaya da mamacin, a idon doka bare ne, kuɗin na iyaye ne ko 'yan'uwa, ko da sun daɗe da yanke zumunci da shi. Sai aka shiga ɗinke-ɗinke. Gwamnan New York, George Pataki, ya ba da umarni a Oktoban 2001 cewa hukumar jihar mai taimakon waɗanda aka yi wa laifi ta karɓi irin waɗannan abokan zama. A 2002 aka yi dokar da ke ɗauke da sunan Mychal Judge, limamin coci na 'yan kwana-kwana da ya mutu a ranar, wadda ta ce in ɗan sanda ko ɗan kwana-kwana ya mutu a bakin aiki ba shi da mata ko 'ya'ya, a bai wa wanda ya rubuta a takardar inshorarsa kuɗin da gwamnatin tarayya ke biya na rasuwarsa. Wata mata da abokiyar zamanta ta mutu a Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka da ke jihar Virginia, jihar ta hana ta, asusun tarayya ya ba ta fiye da rabin miliyan, kuma abin da ya taimake ta akwai wasiyya. Wata a New York babu wasiyya. Feinberg ya ƙara sama da dala 250,000 saboda ita, amma kuɗin ya bi ta hannun ɗan'uwan mamaciyar, sai da aka shafe shekaru a kotu.

Abin da ya sa na kasa mantawa da wannan batu shi ne wata rana a layi. A gabanmu akwai wani Bature da ya haura hamsin, rungume da jakar takardu: takardar haya mai sunaye biyu, rasit ɗin wuta, hotuna. Duk teburin da ya je sai a tambaye shi me yake ga mamacin, sai ya yi shiru kafin ya amsa. Ni kuma ina tare da ƙanin wani bawan Allah daga wajenmu da ya rasu a harin, ya bar mata biyu, ɗaya a nan, ɗaya a gida tare da mahaifiyarsa. Ta gidan, duk wata shi ke aika mata kuɗin abinci da na makaranta. Dokar Amurka ba ta san mace ta biyu ba. Da aka zo kanmu, tambayar da aka yi wa Baturen ita aka yi mana, kuma shirun da ya yi shi muka yi. 'Ya'yanta doka ta san da su, ita kuwa babu gurbin da za a rubuta sunanta.

Na san abin da addinina ya ce game da auren jinsi, kuma babu wanda ya nemi in sauya shi a wurin nan. Amma wannan kuɗi ba gadon shari'a ba ne, ba kuma diyyar da mai kisa ke biya ba. Kuɗin harajin kowa ne, an ware shi don a maye hannun da ke ciyar da gida. Tambayar da ta dace ita ce wa ya rasa mai biya masa haya, wa ya kwana yana jiran waya a daren Talatar nan. In za a auna da wannan mudun, to a auna wa kowa da shi. Ban iya tsayawa ina roƙa wa 'yar'uwarmu a duba zaman da ta yi da mijinta ba a takarda ba, sannan in juya in ce a kori mutumin da ke gabana don ba shi da takarda. Ƙa'idar da za ta buɗe mata ƙofa ita ce za ta buɗe masa.

Yanzu doka ta sauya a ɓangaren masu zaman jinsi ɗaya, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 da na 2015, wanda ya yi rajistar aure ana ƙidaya shi miji ko mata. Wanda bai yi ba yana nan inda yake. Matan biyu na mutanenmu ma suna nan inda suke, ko gobe wani abu ya faru. Ni dai a farkon 2002 na je wurin lauya na rubuta wasiyya, na sa sunan kowa da ke ci a hannuna. Kwafi ɗaya yana wurinsa, ɗaya yana Zangon Kumasi a akwatin yayata.