Amsar kawu game da Babu Zuwaila

Ɗana, saƙonka ya iso, Allah ya yi maka albarka, ya ba da sa'ar karatu. Ka ce ka je Babu Zuwaila, wato ƙofar Zuwaila, a tsohon birnin Alƙahira, ka ji mutanen unguwa suna kiranta ƙofar Mutawalli, aka kuma gaya maka a da ana kafa ƙusa da haƙora a jikin ƙyaurenta. Kana tambaya: wannan wace irin al'ada ce, kuma me ya sa ake kashe kuɗi wajen adana wurin da aka yi irin haka?

Al'adar gaskiya ce. Talakawa sun ɗauka akwai wani waliyyi, Mutawalli, da ke zama a bayan ƙyauren ba a ganinsa. Mai ciwon kai ya kafa ƙusa, mai ciwon haƙori ya cusa haƙorinsa a tsagar katako, wata ta ɗaura tsumma don ɗanta mara lafiya. Da aka yi wa ƙofar babban gyara har an tsinci haƙoran. Hukuncin kam ka san shi, ba sai na koya wa ɗalibin Azhar ba: katako ba ya warkarwa. Amma kada ka yi musu dariya. Wanda haƙori ya hana barci, ba likita ba kuɗi, komai ya gani sai ya kama.

Inda ban yarda da kai ba shi ne batun adanawa. Ƙofar nan ta girmi al'adar nesa ba kusa ba. Waziri Badarul Jamali ne ya gina ta a 1092, zamanin daular Fatimiyyawa a Masar, ita ce ƙofar kudu ta ganuwar birnin. Ƙofofin arewa, Babul Futuh da Babun Nasr, sun riga ta da shekara biyar. A 1260 Hulagu, jagoran Mangolawa, ya aiko manzanni da wasiƙar barazana, Ƙutuz, sarkin Mamalik masu mulkin Masar a lokacin, ya sa aka sare kawunansu aka rataye a nan, sannan ya fita ya karya Mangolawa a Ainu Jalut. A ƙofar dai kuma Sarkin Usmaniyya Salim ya rataye Tuman Bai, sarkin Mamalik na ƙarshe, a 1517, mulkin Mamalik ya ƙare. Ka ga ɗaukakarsu da faɗuwarsu duk a bakin ƙofa ɗaya.

Hasumiyoyi biyun da ke kanta kuwa, daga baya aka ɗora su. Mu'ayyad Shaikh ya sha ɗauri a kurkukun da ke jikin ƙofar tun yana bafade, ƙuma da kwarkwata suka gallabe shi, ya yi bakance in Allah ya ba shi mulki zai mai da wurin masallaci. Ya hau gado, ya rushe kurkukun, aka fara ginin masallacin a 1415, hasumiyoyinsa ne aka ɗora a kan ƙofar. Wannan labarin ni ya fi ratsa ni, don masu mulki kaɗan ne ke tuna alkawarin da suka yi a cikin wuya.

To, in aka bar ginin ya zube saboda ƙusoshi, da me za ka nuna wa ɗalibanka duk wannan? Littafi zai faɗa, amma yaro ya fi riƙe abin da ya taɓa da hannu.

In ka koma, ka biya kuɗin shiga ka hau hasumiyar, matakalar da ƙunci, ka bi a hankali. Da ka sauko ka miƙe kudu zuwa layin maɗinkan tanti, Khayamiyya, ka tayo mini farashin labule mai aiki. Gwaggonka tana gaishe ka.