Wutar sassabe ta tsallaka gonar maƙwabci: matsayin doka a Legas da abin da ya kamata ka yi

Tambaya: Barista, ni ɗan kasuwa ne a Mile 12, kuma na karɓi hayar gona eka huɗu a wajen Agbowa. A ranin da ya wuce na ba wasu yara jingar sassabe, suka tara ciyawa suka cinna mata wuta da rana ba na nan, iska ta kwashe ta zuwa gonar maƙwabcina, ta cinye masa rogo da ayaba da 'yan bishiyoyin kwakwar manja. Yanzu ya yanka mini kuɗi masu yawa, ya ce in ban biya ba zai sa 'yan sanda su kama ni. Ni ban kunna wutar da hannuna ba. Shin dole ne in biya? Kuma bana ina da sauran fili da nake son ƙonewa kafin ruwa ya sauka, yaya zan yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya kiyaye na gaba, kuma mu gode masa da abin ya tsaya a kan amfanin gona bai kai ga rai ba. Zan fara da abin da ba za ka so ji ba, domin a kansa sauran shawarar ta ginu: bisa abin da ka bayyana, idan maganar nan ta kai gaban alƙali, mafi rinjayen zato shi ne za a ɗora maka biyan diyya. Abin da ya rage a hannunka shi ne yawan kuɗin da hanyar biyansu, kuma a nan kana da ƙarfi fiye da yadda kake tsammani.

Kotunan Legas suna aiki da ƙa'idojin da muka gada daga shari'ar Ingila a kan ɓarnar da mutum ya jawo wa maƙwabcinsa. Ta farko ita ce sakaci, wato rashin yin taka-tsantsan ɗin da mai hankali zai yi a irin wannan hali. Kunna wuta a busasshiyar ciyawa da tsakar rana a lokacin rani, babu shararriyar iyaka, babu ruwa a kusa, babu babba a wurin, abu ne da kowane alƙali zai kira sakaci ba tare da dogon nazari ba. Ta biyu ta fi tsanani, ita ce ƙa'idar da aka kafa a shari'ar Rylands da Fletcher a shekarar 1868, wadda ta ce wanda ya kawo abu mai haɗari cikin filinsa don amfanin kansa, idan abin ya kuɓuce ya yi wa wani ɓarna, shi ke da alhaki. Kotun Ƙolin Nijeriya ta yi aiki da ita a shari'ar Umudje da kamfanin Shell-BP a 1975, inda ɗanyen mai ya malala ya lalata wa mutane tafkunan kifi.

Hujjar da ka fi dogara da ita, cewa 'yan jinga ne suka kunna, ita ce mafi rauni. Gaskiya ne a yawancin ayyuka wanda ya ba da kwangila ba ya ɗaukar laifin ɗan kwangila, amma wuta tana cikin abubuwan da aka keɓe, saboda haɗarinta a cikin aikin yake tun daga farko. Akwai wata tsohuwar shari'a daga ƙasar New Zealand, Black da kamfanin Christchurch Finance, wadda aka yanke a 1894 kuma ta yi kama da taka ƙwarai. Mai fili ya ba ɗan kwangila aikin sare daji da ƙone shi, har ya gindaya masa sharaɗin lokacin da zai kunna, ɗan kwangilar ya saɓa, wuta ta ci dukiyar maƙwabci, amma duk da haka aka ce mai filin ya biya. Hukuncin ba na kotunmu ba ne, sai dai alƙalanmu suna ba irinsa nauyi. Haka ita ma iska ba za ta cece ka ba. Doka tana karɓar uzurin abin da ya fi ƙarfin ɗan Adam ne idan ya zo ta yadda ba wanda zai yi tsammaninsa, alhali duk wanda ya yi noma tsakanin Ikorodu da Epe ya san iska tana tashi idan rana ta take.

Batun 'yan sanda kuwa, ina so hankalinka ya kwanta amma kada ka yi sake. Legas tana da dokar laifuffukanta ta 2011, wadda ta bambanta da Penal Code da muka sani a Arewa, kuma a cikinta sa wa dukiyar wani wuta babban laifi ne mai ɗaurin shekaru. Sai dai laifin yana buƙatar a tabbatar cewa da gangan aka yi, kuma wutar da ta kuɓuce daga sassabe, babu wata tsohuwar gaba tsakaninku, ta fi kusa da neman diyya. Sashe na 32 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum a kan abin da bai wuce haƙƙi tsakanin mutum biyu ba, don haka ofishinsu ba wurin karɓar bashi ba ne. Idan sun gayyace ka, ka je, kada ka ɓuya, amma ka tafi da lauya. Kada ka sa hannu a kan takardar alkawarin biyan kuɗi a can, musamman wadda aka rubuta da Turanci ko Yarbanci ba a fassara maka ba. Na sha ganin 'yan uwanmu sun dangwala yatsa don a sake su kafin dare, daga baya takardar ta zame musu igiya a wuya.

Yanzu ga inda ƙarfinka yake. Maƙwabcinka ba shi da ikon yanka kuɗi da ka. A kotu, wanda ya nemi diyyar takamaimiyar asara dole ne ya zayyana ta dalla-dalla kuma ya kawo shaida: faɗin wurin da ya ƙone, yawan tushen da ke ciki, watanninsu, da farashinsu a kasuwa a lokacin. Amfanin gonar ma ba ɗaya ba ne. Rogon da ya ƙosa, idan wuta ta ci karansa, sau da yawa ana iya tone saiwar a sayar idan an hanzarta, kuma doka ta wajabta wa wanda aka yi wa ɓarna ya rage asararsa gwargwadon iko. Ayaba takan sake tohowa daga gindi matuƙar wutar ba ta dafa shi ba, don haka asararta ta kakar nan ce. Kwakwar manja ita ce mai nauyi, domin ƙaramar da ta mutu sai an jira shekara uku zuwa huɗu kafin sabuwa ta fara 'ya'ya, kuma adalci ne a lissafa masa wannan jira. Ka nemi ku amince da mutum ɗaya da zai kimanta, ko malamin gona daga hukumar bunƙasa aikin gona ta jiha mai hedikwata a Oko-Oba, Agege, ko mai kimanta dukiya mai rajista. Ka tattara hotunan da aka ɗauka a lokacin, da sunayen yaran da ka ba jinga.

Shawarata ita ce sulhu, kuma ba don tsoro ba. Kai baƙo ne a ƙasar, hayar gona kake yi, kuma zaman lafiya da mutanen ƙauyen ya fi maka kuɗin da za ka tsira da su bayan shekaru a kotu. Ka fara da Baalen ƙauyen, wato mai garin, tare da Sarkin Hausawan yankin da kuma mai gonar da ya ba ka haya. Idan hakan bai yiwu ba, Cibiyar Sasanta 'Yan Ƙasa da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta jiha tana yin sulhu kyauta, akwai kuma zauren sasanci na Multi-Door da ke aiki da Babbar Kotun Legas tun 2002, inda yarjejeniya kan zama kamar hukunci idan alƙali ya sa mata hannu. Duk abin da kuka daidaita a rubuta shi: adadin kuɗin, ranakun biya idan kashi-kashi ne, shaidu, da jimlar da ta ce wannan biyan ya rufe maganar gobarar baki ɗaya. Kada ka ɗauka idan ya yi shiru na wata biyu maganar ta mutu, domin dokar ƙayyade lokaci ta Legas ta ba shi shekara shida ya shigar da ƙara a kan ɓarnar dukiya.

Sai ƙunar bana. Mutane da yawa ba su san cewa ƙona daji yana da doka tasa ba. Hukumar NESREA, mai kula da dokokin muhalli ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2011 a kan gobarar daji da ƙone-ƙone a fili, waɗanda suka hana ƙona daji sai da izini, suka kuma tanadi tara ko ɗauri ga wanda ya saɓa. Jihar Legas ma tana da dokar kare muhalli ta 2017, kuma hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ce ke bin maganar gurɓata iska. Saboda haka kafin ka ƙyasta ashana ka rubuta takardar neman izini, ka bayyana wurin da faɗinsa da ranar, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimi. Ka duba takardar hayarka ma, domin wasu masu gona suna hana ƙuna, kuma saɓa wannan kan iya zama dalilin karɓe gonar. Ka sani izini yana kare ka daga tuhumar hukuma ne kawai, ba ya ɗauke maka diyya idan wuta ta sake tsallakawa.

Abin da zai kare ka daga wannan shi ne yadda aka yi aikin, kuma shi ne ainihin abin da alƙali zai tambaya. A kankare iyakar fili har ƙasa ta fito, faɗin taku uku zuwa huɗu, a ƙara faɗin inda ciyawa ta yi tsayi ko inda aka yi iyaka da gonar wani. A tara yayi tsibi-tsibi a tsakiyar gona a ƙone ɗaya bayan ɗaya maimakon a saki wuta ta bi fili. A kunna da sassafe lokacin da raɓa ba ta bushe ba kuma iska tana kwance, a fara daga gefen da iskar ke nufa domin wutar ta riƙa cin gaba a hankali tana fuskantar iska. Ka sanar da maƙwabta da Baale kwanaki kafin ranar, ta saƙon waya da zai zauna shaida, ka kasance a wurin da kanka tare da isassun mutane, da jarkokin ruwa da injin feshi na goyo da ɗanyen ganye. Idan ta fi ƙarfinku a kira 112 ko 767 nan take. Idan gonar tana kusa da bututun mai, ko ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki irin waɗanda suka taso daga tashar Egbin, ko a bakin titin Itoikin inda hayaƙi zai rufe wa direbobi ido, ra'ayina shi ne kada a kunna ko kaɗan. A sare ciyawar a bar ta ta ruɓe a wurin, ko a sa tarakta ta birkice ta, ƙasar ma ta fi samun taki a haka.

Ka kula da kututture bayan harshen wuta ya kwanta, domin yakan riƙe garwashi kwanaki. A shari'ar Goldman da Hargrave daga Ostireliya, tsawa ce ta kunna wa bishiya wuta, mai filin ya sa aka sare ta, amma ya bar ta ta cinye kanta maimakon ya zuba mata ruwa. Bayan kwanaki iska ta taso, wutar ta farfaɗo ta shiga filin maƙwabta, aka ɗora masa alhaki ko da yake ba shi ya kunna ba. Don haka kada kowa ya bar gonar sai an jiƙa kowane kututture an tona tokar an ga babu ɗumi, kuma washegari da safe ka sa a sake zagayawa.